Keken Da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Likita ya duba takarda ya tsuke baki,
ya ce sukari ya hau, jini ya bi sahunsa.
Ban ce uffan ba. Na san tuwon dare na da hannu,
shayin Ɗanjuma ma ba zai wanke kansa ba.
'Yata Rakiya ce ta biya kuɗin wata guda:
"Baba, Barnawa ne, hawa na biyu,
Talata bayan la'asar. Ban da mantuwa."

Tun a matakala na fara haki, ban ma ga keken ba.

Sha biyu ne a jere, baƙaƙe, kafe a ƙasa,
ba ƙararrawa, ba kariya,
ba fitila, don ba daren da za su keta.

Ni da na yi shekara goma sha tara
ina taka Rali daga Tudun Wada zuwa Kakuri,
in haye gada kafin jiniyar masaƙa ta yi kuka,
kwanon abinci ɗaure a baya, ƙafar wando cikin safa.
Da, ina tuƙi ne don in samu na sawa a ciki.
Yau biya ake don in ƙona abin da na sa.

Mai koyarwa, Kasham, ba ta kai Rakiya shekaru ba.
Ta auna sirdi da ƙuguna, ta ɗaure,
ta nuna wani jan marfi tsakanin gwiwoyina:
"Ka murɗa dama, tudu ne. Hagu, gangare.
Ka danna, ya tsaya. Yau ba gasa, Baba.
In numfashi ya hana ka magana, ka sassauta."
Na yi murmushin wanda ya riga ta sanin keke.

Minti bakwai murmushin ya yi a duniya.

Cinya ta kama wuta, sirdi ya zama guduma,
gumi ya bi gemu yana ɗiga kan ƙarfe.
A damana wata hajiya, hijabi har gwiwa,
tana takawa kamar mai ɗinkin sallah.
A haguna wani ma'aikacin banki yana ƙirga da baki.
Na kalli agogon bango. Ko shi ma kafe shi aka yi?

Sai aka ɗauke wuta.

Kiɗa ya mutu, fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Ba wanda ya sauka.
Cikin duhun nan ƙafafu sha biyu na gurnani,
ƙarfe na jan ƙarfe, sauti ɗaya, ba yankewa,
na rantse irin sautin zauren saƙa ne
lokacin da injuna ke cin auduga har asuba.
Na rufe ido. Ga gada, ga kogi ya cika ya yi ja,
ga Ishaya a gefena, hularsa a karkace,
yana cewa wanda ya zo ƙarshe shi zai sayi ƙosai.
Shekara tara ke nan da muka kai shi makwanci,
amma ban yarda ya wuce ni ba.

Janareta ya yi tari, haske ya dawo.
Kasham ta ce, "Baba, sannu! Ina za ka haka?"
Na ce, "Aiki."

Na sauko matakala riƙe da bango,
ƙafafu kamar na aro.
Kwana biyu ina zaman tahiya a karkace,
jikokina na dariya a bayan labule.

Alhamis na koma da gorar ruwa da tsohon tawul.
Na auna sirdi da ƙuguna, da kaina.
Jan marfin nan na murɗa shi dama, kaɗan,
daidai tudun da ke gaban tashar jirgi.